Malama Tabita da Batura Shida na Mai Sanɗa

Ranar Talata, sha takwas ga watan Agusta na shekarar 1998, ina duƙe a gonata ta bayan Azarori ina maimai, sai na hangi Ɗanasabe, makaniken asibitinmu, ya jingine babur ɗinsa a bakin hanya ya ratso cikin gero da ƙafa. Ɗanasabe bai taɓa zuwa gonata ba, kuma ba mutum ba ne mai barin garaji da rana tsaka. Na miƙe na jira shi da hauya a hannu. Da ya iso bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Almu, sai haƙuri. Malama Tabita ta cika yau da hantsi." Na ce daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, na zauna a kan kunya. Daga baya na tashi na bi shi a bayan babur muka kama hanyar asibiti.

Malama, yau kwana tara ke nan. Ni ba marubuci ba ne, karatuna na lakwal, wato boko, bai wuce aji shida ba. Amma na ga masu wa'azi sun faɗi imaninki, likitoci sun faɗi aikinki a labo, ɗakin da ake gwajin jini da fitsari, inda kika yi shekara ashirin da biyu. Abin da ni na sani game da ke babu wanda ya faɗe shi, domin a rumfar ajiye mota ya faru, kuma akwai laifina a ciki. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Wanda bai san asibitin mishan ɗinmu ba, a jikin tudu aka gina shi. Ƙofa tana ƙasa a bakin titi, ɗakin tiyata da ɗakunan kwanciya suna can sama, tsakaninsu tafiyar taku ɗari huɗu ce a kan jar ƙasa da tsakuwa. Shekara bakwai na yi ina ɗaukar marasa lafiya a barankar, gadon ɗauka na hannu, mu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, muna hawa da su. A 1991 wata majami'a ta ƙasar waje ta aiko da gadaje, a cikin kayan har da wata ƴar mota mara ƙofa, mara inji, ba ta shan mai ba ta hayaƙi. Batura shida ne a ƙarƙashin kujerarta, kowane ya fi rabin buhun gero nauyi, an ɗaure su da juna da kauraran wayoyi, na ɗaya ya ba na biyu, na biyu ya ba na uku, har zuwa na shida. Ba a jin zuwanta sai ta iso bayan mutum, don haka ƴan jinya suka sa mata suna Mai Sanɗa. Aka maƙala mata gado a baya, aka ba ni tuƙinta saboda bayana ya fara ciwo. In gurup, injin lantarkin asibiti, ya tashi ya ba da wuta, sai in haɗa ta da akwatin sharji, kashegari ta yini tana hawa da sauka.

Shekara uku tana haka. Bayan kakar 1994 ta fara gajiya. Allurar akwatin sharji ta nuna ta cika, amma kafin azahar sai ta riƙa ja da ƙyar, in ta kai gindin tsamiyar da ke tsakiyar hawa ta tsaya cak. Sau biyu muka sauke mara lafiya a nan muka ƙarasa da shi a hannu. Ɗanasabe ya gwada da mitarsa ta awon wuta daga bakin na ɗaya zuwa bakin na shida, ya ce baturan sun tsufa gaba ɗaya, sai sababbi. Irinsu babu a Tawa, babu a Yamai, sai an yo oda ta jirgin ruwa, wata takwas in an yi sa'a. Babban likita ya ce a tura ta rumfa a rufe da tampol, a koma barankar.

Kwana biyu da rufe ta kika zo, da farar rigarki ta aiki da tabarau a rataye a wuya. Ba ruwanki da mota, abin da ya haɗa ki da ita bai wuce kwalayen kayan labo da nake kai miki ba. Kika ɗaga tampol, kika sa na cire kujera, kika tsaya kina kallon baturan kamar yadda kike kallon jinin da bai yi miki kama da na kullum ba. Sannan kika ce, "Malam Almu, duka shidan sunka mutu rana guda? Ni ban taɓa ganin mutum shida sun kamu da cuta guda, sun hwaɗi lokaci guda ba. Akwai wanda ya riga wani. Wane ne ya riga?"

Ban san amsa ba. Ɗanasabe ma bai sani ba, kuma bai ji daɗin tambayar ba, domin a ganinsa mace ta labo ta shigo masa fage. Amma ya ba ki aron mitarsa, yana gunaguni.

Mijinki Malam Yunana ya gaya mini a wurin zaman makoki cewa haka kike tun kina yarinya a wajen Keita. Mahaifinki maginin rijiya ne, kina da shekara tara kika dame shi da kuka sai da ya ɗaura miki igiya ya zura ki cikin rijiya, don ki ga ta inda ruwa ke tsattsafowa. Da na ji wannan sai na gane abin da na gani a rumfa.

Da alli kika fara. Kika rubuta lamba a jikin kowane batir, ɗaya zuwa shida, kika ja layi shida a bangon rumfa. Kika gwada su ɗaya-ɗaya suna zaune, duk suka nuna shida da ɗan abu, bambancin bai kai a kula ba. Ɗanasabe ya ce, "Kin gani? Duk ɗaya suke." Kika ce mutum ma in yana kwance ba a sanin ƙarfinsa, a bari su ɗauki kaya tukuna. Kika ƙara wa mitar tsawon waya, kika zauna a gadon baya da ita a cinya, kika ce in hau tudu. Sau shida muka hau muka sauka a ranar, kowane hawa da batir ɗinsa. Ƴan jinya suka fito bakin ɗakuna suna kallo, wata tsohuwa ta tambaya ko Malama ce ba ta da lafiya. Ke kuwa idonki na kan allura, kina kiran lamba da ƙarfi ina riƙewa a ka. Na uku, na huɗu, na biyar da na shida, allura ta ɗan sunkuya kaɗan ta tsaya. Na ɗaya ta faɗi ƙasa da biyar. Na biyu kuwa, muna isa tsamiya ta zube kusan huɗu. Kika buga gefen gado da tafin hannu kika ce, "Ga su nan! Biyu ne ba su da lahiya, huɗun ƙalau suke. Su biyun ka riƙe ma sauran ƙahwa."

Wani zai tsaya nan. Ke sai kika ce kina son ganin cikinsu. Kowane batir yana da rami uku masu murfi, cike da ruwan asid, kuma nauyin ruwan nan shi ke faɗin ko ramin ya ƙoshi da wuta ko yana jin yunwa. Gilashin awon da ya zo da motar ya daɗe da fashewa. Kika tafi labo kika dawo da wani siririn gilashi mai lambobi da kuke jefawa cikin fitsari ku ga inda zai tsaya. Ɗanasabe ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ruwan batir ya fi ƙarfin wannan, sama zai taso gaba ɗaya. Kika ce kin sani. Kika zuba ruwan labo tatacce awo huɗu a kwalba, kika zuƙo ruwan rami awo ɗaya da sirinji kika ɗiga a kai, kika motsa, kika jefa gilashin. Ya nutse ya tsaya a hamsin da uku. Kika ce, "To, mun rage mashi ƙarhi kashi biyar, yanzu ya shigo inda gilashina ka iya karantawa." In kin gama da rami, sai ki mayar masa da ruwansa, kada a rage masa komai. Rami sha takwas kika bi haka, kwana biyu, a lokacin hutunki na rana. Ramukan batura huɗu suka ba da hamsin da biyu, hamsin da uku. Na ɗaya ya ba da arba'in. Ramin tsakiya na batir na biyu ya ba da talatin da huɗu. Gilashin nan bai sake komawa labo ba, kin ce ya canza sana'a. Rigarki kuwa ta huhhuje a gaba inda asid ya fantsama, kika ci gaba da sa ta haka.

Maganin farko bai yi wuya ba. Muka ciro na ɗaya da na biyu, muka wanke kawunansu da ruwan kanwa har farin garin da ya daskare a kai ya tafasa ya zube, muka haɗa su su kaɗai da wani faifan rana mai ba da wuta da ke ajiye a sito. Kwana huɗu suna shan rana, kina zuwa kina awo, lamba tana hawa a hankali. Na ɗaya ya kamo ƴan'uwansa. Na biyu ya tsaya a arba'in da bakwai ya ƙi gaba, kika sa masa suna Tsoho. Muka mayar da su, muka shafa wa kawunan bazilin, Mai Sanɗa ta wuce tsamiya ba ta ko waiwaya ba. Babban likita da kansa ya sauko ya hau. Ɗanasabe ya ce, "Malama, na sallama."

Ke kaɗai ce ba ki yi murna ba. Kika ce, "Mun yi magani ba mu san cuta ba. Don mi na ɗaya da na biyu? Don mi ba na biyar ba?" Kuma kin yi gaskiya, bayan sati uku lambobinsu suka fara sauka a bango. Kika ce ko rana ce ke dukan wannan gefen, muka juya motar sati guda, ba canji. Kika ce ko wayarsu ce ta ci, Ɗanasabe ya sake ta, ba canji. Kika tambaye ni ruwan da nake ƙara musu, na ce na rijiya, kika riƙe baki, kika ce daga yau sai na labo, ruwan rijiyarmu farar ƙasa gare shi. Amma kika ce wannan duka shidan ya shafa, ba shi ne amsar ba. Kina tafe kina magana ke kaɗai. Wata rana kika tare ni a bakin famfo kika ce, "Wani abu na shan su a ɓoye, Malam Almu. Ina jin shi a jikina."

Malama, a ranar na san abin, ko in ce na fara zarginsa. Tun shekara guda kafin nan na samu rediyon wata tsohuwar mota da aka yar a garaji. Wuta sha biyu take so, batura biyu ke nan, na ɗaya da na biyu kuwa su suka fi kusa da hannu. Da rana in aiki ya lafa sai in maƙala wayoyinta, mu zauna a inuwa da masu gadi da ƴan jinya mu ji labarai da waƙoƙi, lokacin gasar kokowa kuwa har la'asar ba a kashewa. In na hango ki sai in cire in tura ƙarƙashin tabarma. Ina gaya wa kaina cewa ɗan abin da bai kai tafin hannu ba ba zai gajiyar da baturan da ke ɗaukar mutum huɗu su hau tudu ba. Amma tsoro ya hana ni tambaya. Ina da iyali, kuma bayana ba zai sake ɗaukar barankar ba.

Ke kika gano da kanki. Kin zo da madubin ƙara girma na labo kina duba kawunan dalma ɗaya bayan ɗaya, sai kika ga ƴan tabo masu ƙyalli, sawun haƙoran abin maƙalawa, a kan kai biyu kawai cikin sha biyu. Kika ɗago kika dube ni ta saman tabarau. "Malam Almu, mi ka cizon nan wurin?"

Na ɗaga tabarma na fito da rediyo. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Abin da na ji shi ne tafi. Kina tafawa kina dariya, kina cewa, "Rediyo! Wata biyu ina neman ta, ashe tana ƙarƙashin tabarma!" Sannan kika zauna a kan bulo kika shiga yi mini tambaya, awa nawa a rana, da ƙarfi ko a hankali, tun yaushe. Kika yi lissafi a ƙasa da tsinke. Kika bayyana mini cewa akwatin sharji ba ya bambanta su, abin da ya ba na shida shi yake ba na ɗaya, kamar a zuba wa manoma shida fura daidai wa daida alhali biyu sun yi ƙarin kunya. Kullum biyun suna kwana da ɗan saura na yunwa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta taru ta kayar da su, huɗun kuma ana ɗura musu fiye da bukata suna ƙone ruwa. A rayuwata babu wanda ya taɓa nuna mini laifina da irin wannan fara'a.

Da kika gama kika daina dariya. Kika ce, "Amma likita sai ya ji. Ni ba ni ɓoye mashi, kuma ba ni so ya ji daga bakina. Tashi mu tahi, kai za ka hwaɗi." Muka hau tudun nan da ƙafa, ban taɓa jin tsawonsa kamar ranar ba. Na faɗi abin da na yi. Likita ya ɗaure fuska. Sai kika ce masa yanzu a duk asibitin babu wanda ya san halin baturan nan kamar ni Almu, na ga ciwonsu na ga maganinsu, in aka kawo wani sai an faro daga farko. Aka yi mini gargaɗi mai zafi aka bar ni a aikina. Rediyon ma ba ki bari ta tafi a banza ba. Kin sa Ɗanasabe ya haɗa ta da tsohon batir ɗin babbar mota a rumfar bakin ƙofa, kika ce masu jiran marasa lafiya suna bukatar abin da zai ɗauke musu hankali.

Daga nan kika mayar da ni ɗalibi. Kowace Asabar awon rami sha takwas. Ruwa sai bayan sharji, kada ya wuce yatsa ɗaya a saman farantan dalma da ke cikin rami. Sau ɗaya a wata a bar su a kan wuta fiye da kullum, murafu a sassauce, rumfa a buɗe, ba taba ba ashana, har kowane rami ya riƙa ɓulɓula, na baya ya kamo na gaba. Tsoho kuma a ba shi ƙarin rana shi kaɗai in ya ja baya. Kika ce in mota ta tsaya ba dalili, kafin in kira kowa in bi mahaɗar wayoyi ɗaya-ɗaya da bayan yatsa, wadda ta yi zafi ita ce ta saki.

Ba mu san abin da muke shirya wa ba. Da bazarar 1995 sanƙarau ya shigo ƙasar. Amalanke na jakuna da na shanu suka riƙa isowa daga Buza, daga Sabon Gida, daga ƙauyukan bayan Keita, da mutane wuya a sandare. Ɗakuna suka cika, aka kafa rumfunan zana a saman tudu. Akwai ranar da na ƙirga hawa arba'in da ɗaya. Da a ce barankar muke, ban san mutum nawa za su mutu a bakin ƙofa suna jiran masu ɗauka ba. Ke kina labo tun safe kina duba ruwan ƙashin baya a madubi, idanunki sun yi ja, amma da azahar sai ki sauko minti goma ki jefa gilashinki a ramin Tsoho, ki ce, "Yana nan da rai, a ba shi awa guda," ki koma.

A cikin kwanakin nan aka kawo Hasana, wata mata daga Tabotaki, yayanta ya tuƙo ta a amalanke tun asuba, ba ta san inda take ba. Muka ɗora ta, yana riƙe da kanta. Mun wuce rabin hawa sai Mai Sanɗa ta yi tsit, na ji warin abu yana ƙonewa. Rana ta take, ba kowa a kusa, duk masu ƙarfi suna rumfuna. Yayan ya fara salati. Na ɗaga kujera, na bi mahaɗa da bayan yatsa kamar yadda kika koya mini. Tsakanin na huɗu da na biyar fatata ta ƙone. Notin da ke riƙe wayar ya kwance saboda girgizar hanya, dalmar har ta fara narkewa. Na kankare ta da wuƙa, na ɗaure da kile, wato sufana, na taka, muka tafi. Duka bai kai minti biyar ba. Likita ya yi mata allura nan take. Hasana ta tashi, kunnenta ɗaya ya toshe, amma ta koma wa ƴaƴanta. Da na ba ki labari, abin da kika fara cewa shi ne in nuna miki yatsan, kika sa magani, sannan kika ce mu je ki ga yadda dalmar ta narke. Ba zan ɓoye ba, da yawa waɗanda na hau da su, ni na sauko da su a lulluɓe. Amma babu wanda ya kwana a bakin ƙofa don rashin abin ɗauka.

Sababbin batura sun iso da damina ta sauka. Kowa ya taru yana kallonsu suna ƙyalli, ke kuwa hankalinki yana kan Tsoho. Kika roƙi Ɗanasabe ya zubar da ruwansa a rami ya yanka shi da zarto. Kika tsuguna har la'asar kina zaro faranti ɗaya-ɗaya, kina nuna mana farin abin da ya manne musu kamar gishiri, da baƙin laka da ya taru a ƙasa. Kina cewa, "Ashe haka yunwa ka yi masu daga ciki. Ku duba, ku duba nan." Ɗanasabe, wanda ya shekara talatin yana taɓa batir, ya ce bai taɓa leƙa cikin ko ɗaya ba sai ranar.

Ba batura kaɗai ba ne. Na ga kin tsayar da Buzu mai raƙumi kina tambayarsa yadda yake gane rijiya mai ɗaci tun daga nesa. Na ga kin zauna da matata Zulaiha ranar suna a gidana, ke Kirista cikin matan Musulmi, kina son sanin dalilin da ake sa kanwa a kunun mai jego. Kuma in an ba ki amsa kina saurare har ƙarshe, ko daga bakin wa ta fito.

Ciwon hanta ya kama ki a farkon shekarar nan. An ce ke da kanki kika shafa jininki a gilashi kika duba, kika kira likita kika nuna masa. Zuwana na ƙarshe wurinki, sati biyu kafin rasuwarki, na same ki a kwance a baranda kin rame ƙwarai, Malam Yunana yana yi miki fifita. Na gaishe ki da jiki, kika amsa a gajarce, kika tambaye ni gona. Sannan kika nuna wani gawo da ke bayan katanga, tsirara ba ganye ko ɗaya, alhali duk duniya ta yi kore. Kika ce, "Malam Almu, kai manomi ne. Don mi gawo ka zubda ganye da damina, ya tohu da rani? Kwana nawa ina kallo nai, na kasa ganewa."

Na ce, "Malama, haka Allah ya yi shi."

Kika yi murmushi kika ce, "Wannan na sani. Ta yaya ya yi shi, shi nika tambaya." Kika ɗan huta, sannan kika ce, "To, ba komi. Na kusa zuwa inda za a gaya mani."

Malam Yunana ya juya fuska.

Ranar jana'izarki majami'a ba ta ɗauki mutane ba. Mu Musulmi muka tsaya a waje cikin yayyafi, masu gadi da manoma da matan da kika taɓa duba jinin ƴaƴansu, muna jin waƙoƙinku ta taga. Da aka fito muka bi ku har makabarta, kowa ya zuba ƙasa da hannunsa.

Ni Musulmi ne, ke kin rayu kin mutu a kan addininki, kuma ba mu taɓa jayayya a kan wannan ba. Ubangijin da ya halicce mu duka ya fi kowa sanin abin da kika aikata da abin da ke zuciyarki. Ina roƙonsa ya dube ki da rahama, ya yafe kurakuranki, ya sanyaya makwancinki, ya saka miki da alheri a kan kowane rai da ya hau tudun nan ya sauko da ƙafarsa.

Malam Yunana, Allah ya ba ka haƙurin rashin abokiyar zama ta shekara talatin. Kaleb, Lois da Priscilla, Allah ya dafa muku, ya raya ku a kan halin mahaifiyarku. Ƴan'uwanta na Keita, ma'aikatan asibiti da jama'ar majami'a, ina yi mana ta'aziyya gaba ɗaya, domin rashin namu ne duka. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.

Almu na Azarori, matuƙin Mai Sanɗa
27 ga Agusta, 1998